Ranar da Fitilun Goggo Suka Yi Rawa

Ku yaran yanzu kuna ba ni dariya. Mutum ya zo rumfata a Ƙofar Doka, ya ja benci ya zauna, ya ga na cusa waya a akwati fitila ta kawo, sai ya ce, "Baba Sule, ashe aikin ke nan? Ai ni ma zan iya." Za ka iya mana. Ni ma haka na ce ranar da na fara, kuma kafin azahar na ƙona wa ubangidana akwati biyu.

Ni dai aji uku na yi a firamare, shi ma na ukun ban ga ƙarshensa ba. Gyaran rediyo na tashi da shi a Kusfa, har furfura ta fara leƙo min. Sai Oga Bitrus, wani mutumin Wusasa, ya buɗe shagon intanet, yana neman wanda zai riƙa hawa rufi yana ɗaura eriya. Kada ku ɗauka kaina ya gani ya ɗauke ni. Jikina ya gani. Ba ni da nauyi, in na hau kwano ba ya lotsawa.

Aikin farko da ya ba ni shi ne sa wa waya kai. Wayar nan da kuke gani guda ɗaya, 'ya'ya takwas ne a cikinta, kowace da launinta da wurin zamanta: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa. Ka jera su, ka daidaita bakinsu, ka tura cikin ɗan kan roba, ka matse da filaya. In ɗaya ta zauna a wurin 'yar'uwarta, sai ka yanke ka sake. Sati biyu ina rera launukan nan kamar mai hadda, a kan keke, a wurin alwala, har uwargidana ta tambayi maƙwabta ko akwai wanda ya san mai ruƙiyya.

Bayanin yadda kwamfutoci ke magana da juna kuwa, Oga Bitrus ya yi min shi da Turanci har kwana bakwai, ina gyaɗa kai. Ranar ta takwas ya ce in maimaita. Na gyaɗa kai. Sai ya ajiye biro ya ce, "Sule, bari mu yi da Zazzaganci." Ya ce kowace kwamfuta sai tana da lambar gida, ita ake kira adireshin IP, in ba ta da ita ba mai iya aiko mata da saƙo. Akwatin da ake kira rauta shi ne mai unguwa: duk baƙon da ya sauka shi ke ba shi lamba, kuma duk saƙon da zai fita bayan gari ta ƙofarsa yake bi. Akwai kuma DNS, wanda ya ce in ɗauke shi kamar tsohon mai goron bakin masallaci, ka faɗa masa suna kawai ya gaya maka lambar gidan. A zama ɗaya na gane. Na ce, "Oga, me ya hana ka faɗi haka tun ranar farko?" Ya ce kuɗin makarantarsa yake morewa.

Mun sha miya a shagon nan har shekarar da intanet ta shiga wayar hannu. Wannan ita ce baƙar shekararmu. Ɗalibai suka ɗauke ƙafa, kwamfutoci suka zauna a jere suna kallonmu muna kallonsu. Oga Bitrus ya rufe ya koma kiwon kaji. Ni na koma gyaran tocila, na cika jaka da filaya da kawunan waya na rataye a bango, gizo-gizo ya yi gida a kai. Abin da ya dawo da ni shi ne katangar birnin nan. Gidajenmu na laka, bango ɗaya kaurinsa ya kai kamu biyu, sabis ɗin iska in ya ratsa ɗaya ya ratsa biyu, a na uku yake cikawa. Dole a ja waya. Mai jan waya kuwa ga shi zaune yana gyaran tocila.

To, aikin da nake so in ba ku labari na gidan Malam Babba ne a Limancin Kona. Gidan malamai ne, irin wanda namiji baƙo iyakarsa zaure. Ni na haɗa musu tun da daɗewa. Eriya a kan soro, rauta a zaure kusa da buzun Malam, sai doguwar waya ta bi kan katanga ta shiga cikin gida. A can na sa wani akwati mai ramuka takwas, suwic, wanda aikinsa rarraba saƙo zuwa ɗakuna, kamar dattijuwar da ke tsakar gida tana cewa wannan kwanon na ɗakin wance ne. Ɗakin Goggo na sa shi, yayar Malam, don ɗakinta ne ba ya yoyo kuma can batirin sola yake. Ranar da na shiga sai da aka tattara mata gefe guda, na wuce kaina a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Goggo ta ba akwatin wuri a cikin kabad ɗinta, tsakanin jeren kwanoni, ta shimfiɗa masa ƙyalle mai aiki.

Wata Laraba da ƙarfe takwas na safe waya ta shigo, tana yankewa tana dawowa. Malama Hadiza ce, 'yar Malam.

"Baba Sule, don Allah ka zo yanzu. Tun jiya babu netwok, kuma ƙarfe sha ɗaya zan kare rubutuna."

Digiri na biyu take yi a wata jami'a mai nisa. Malamai za su zauna a can, ita ta zauna a nan, su yi mata tambayoyi ta bidiyo. An daɗe da sa ranar, sai jariri ya yi gaggawa ya riga ta zuwa. Kwananta shida da haihuwa, tana gidan mahaifinta tana jego, gobe suna. In ta rasa zaman yau, sai baɗi.

Na ce, "Malama, ki hau Keke Napep ki zo rumfata mana, ga kwamfuta ga komai."

Ta ce, "Goggo ta ce in na taka zaure kafin arba'in, ta cire hannunta daga kaina."

Na hau babur.

Na tarar da Malam a zaure da carbi. Muka gaisa gaisuwar da ta ci minti goma, don a gidan nan ba a yanke gaisuwa ko da gobara ake. Sannan na buɗe tsohuwar kwamfutata na haɗa ta da rauta, na yi abin da muke kira fing. Fing sallama ce, ba wani abu ba. Ka ce wa akwati salamu alaikum, ka jira. In yana lafiya zai amsa nan take, ka ga layi ya fito a baƙin allo. Na yi sallama, shiru. Na sake, shiru. Ga rauta a gabana, ina iya taɓa shi da hannu, fitilarsa na ci, amma ya ƙi amsa sallama.

Sai na zare doguwar wayar da ta shiga cikin gida. Nan take ya amsa. Na yi wa bayan gari sallama, shi ma ya amsa. Na mayar da wayar, kowa ya sake yin gum.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ciwon a cikin gida yake. Sai na ga akwatin ɗakin Goggo."

Malam ya dubi rufi. "Injiniya, mata sun cika gidan nan, ana dakan suna. Ɗakin kuma Yaya ta kulle shi, kayan suna na ciki, makullin na ɗaure a bakin zanenta. Ni kaina rabona da shiga ɗakin nan tun ina da haƙora."

Na yi tunanin jan sabuwar waya kai tsaye zuwa ɗakin Malama, amma guntuwa ce a jakata, kafin in je Sabon Gari in dawo an tashi daga zaman. Wayar hannu kuma a lungun nan sai ka hau katanga take kama bidiyo, mai jego kuwa ba ta hawa katanga. Ba yadda na iya, na aiki Malam. Dattijo mai almajiran ilimi har Kusfa, na mai da shi ɗan aike. Na ce ya tambayo abu uku: akwatin na kunne, fitilu nawa ke ci, kuma ko wani ya taɓa shi.

Minti ashirin ya yi. Ya dawo ya zauna, ya gyara rawani, ya ce ragon suna ya iso, kuma masha Allah yana da ƙiba.

"Akwatin fa, Malam?"

"Af. Ta ce yana nan."

Nan na tuna da wani karatun Oga Bitrus. Ya ce kwamfutoci ba sa aika dogon saƙo gaba ɗaya. Gutsuttsura shi suke ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da lambarsa, kuma akwai ƙa'idar da suka yarda da ita, TCP, wadda ta ce in na ba ka ƙunshi sai ka ce ka karɓa, in ban ji ba in sake aikowa. Akwai wata ƙa'idar kuma ta ko-in-kula, a watsa kawai, wanda ya isa ya isa. Ashe da ta biyun na aiki Malam. Na ce yanzu tambaya ɗaya zai ɗauka, ya maimaita min ita kafin ya tashi, ya kawo amsarta ita kaɗai. Ya kalle ni ta saman tabarau. Ya maimaita. Ya je ya dawo: akwatin na kunne. Ya je ya dawo: ba wanda ya taɓa shi. A zuwa na uku gwiwarsa ta ce ba ta san zancen ba. Ya tsaya a bakin shigifa ya ɗaga murya.

"Yaya! Don girman Allah ki zo bayan labule ku yi magana da bawan Allahn nan, ƙafata ta ƙare."

Ƙarfe goma da kwata na ji takun silifa da ƙarar makullai. Labulen bai motsa ba, murya ce kawai ta fito.

"Wane ne mai neman tsayar min da aiki?"

"Ni ne, Goggo, Sule mai waya. Ina kwana? Ina gajiya? Barka da arziki."

"Lafiya. Kai ne siririn nan mai tafiya kamar an aike shi satar kaza?"

"Ni ne, Goggo."

"To akwatinka lafiyarsa ƙalau. Tunda ka kawo shi ma bai taɓa yin kyau irin na yanzu ba."

Na ce, "Kyau kamar yaya, Goggo?"

"Fitilun mana. Da can sai su ɗan ƙyafta, wannan ta yi, waccan ta huta, kamar ba a ba su abinci ba. Tun jiya da la'asar kuwa duk suka tashi gaba ɗaya suna rawa, ba tsayawa. Na ce alhamdulillahi, su ma sun san da suna."

"Jiya da la'asar me ya faru a ɗakin?"

"Ba abin da ya faru. Goge-goge na yi."

Sai na ji gumi ya karyo min a ƙeya, don na tuna. Ranar da na haɗa musu, Malam ya ce wata rana za a sa talabijin a ɗakin. Na cusa wata gajerar waya shuɗiya a rami ɗaya, na bar ɗaya bakin yana lilo a gaban kabad, na ce zan dawo sati mai zuwa. Kun san satin mai sana'a. Azumi biyu aka yi.

Na ce, "Goggo, akwai wata 'yar shuɗiyar waya da take lilo a gaban kwanoni."

"Ba abin da ke lilo a ɗakina. Ni ba ƙazama ba ce."

"To ina take?"

"Na mayar da ita raminta. Ga ramuka nan a buɗe, ga waya tana reto kamar jelar ɓera, gobe mutane su shigo ganin jere su ce ba ni da ido? Ina turawa ta ce ƙas, ta zauna daram. Da ba wurinta ba ne ai ba za ta shiga ba."

Ku da kuke cewa aikin nan sa waya ne a rami, ga wadda ta sa waya a rami. Abin da ya faru shi ne, in kwamfuta tana neman wata ba ta san inda take ba, shela take yi: wa ke da lamba kaza? Suwic ya ɗauki shelar ya fitar ta kowane rami. To yanzu rami biyu na haɗe da juna. Shelar ta fita ta nan ta shigo ta can, shi kuma ba shi da wayon gane muryarsa, sai ya ce ga sabuwar shela, ya sake fitarwa. Ta sake dawowa. Kafin ka ƙifta ido gida ya cika da cigiya ɗaya ana ta maimaitawa, ba mai jin sallamar wani. Rawar da Goggo ke yabo, ihu ne akwatin ke yi tun jiya.

Na buɗe baki zan ce, Goggo ai ke kika kashe netwok ɗin. Malam ya damƙi gwiwata. Ya zaro min ido yana girgiza kai. Na gane. In na ɗora mata laifi a gaban ƙaninta da matan da suka yi tsit da taɓare suna saurare, za ta juya ta tafi, ɗakin nan kuma ba mai buɗe shi sai bayan suna.

Na ce, "Goggo, laifina ne. Ni na bar waya tana lilo a ɗakin mutunci, aikin banza na yi. Ki taimaka ki rufa min asiri, ki cire ta gaba ɗaya, baki biyun, ki jefo min abata."

"Yanzu ka yi magana. Da ma na san kai ne." Ta kaɗa makullanta. "Amma sai jibi. A bar min fitiluna su yi suna."

Daga can cikin gida sai ga muryar Malama Hadiza, da kukan jariri a bayanta. "Goggo, saura minti ashirin da biyar! Shekara biyu na yi ina rubutun nan, da cikin nan na ƙarasa shi. Ke kika hana ni fita na zauna, yanzu kuma a cikin gidan ma za ki hana ni?"

"Ke rufe min baki, iska na shigarki! Koma ɗaki!" Makullai suka yi ƙara. Silifa suka tafi.

Minti biyar ta dawo tana haki. "Ta ƙi fita. Na ja, na ja, akwatin ne ke biyo ni. Ladi, miƙo min wuƙar albasa."

Na miƙe tsaye ban sani ba. Wayoyi biyar ne a jikin akwatin nan, uku daga ciki shuɗaye, ɗaya ita ce ta ɗakin Malama. Na ce, "Goggo, don darajar iyaye kada ki sa wuƙa! Akwai ɗan harshe a kan wayar, dannawa ake yi." Ta ce ita ba ta ga harshe ba. Sai na zaro testa daga jaka, ɗan akwatin da muke gwada waya da shi, na cusa masa guntuwar waya, na tura ta ƙarƙashin labule. Na ce ta lalubi saman kan robar, za ta ji wani abu kamar farce, ta danna da babban yatsa, sannan ta ja a hankali.

Na ji ƙas. Na ji an mayar. Na ji ƙas kuma.

"Wannan ne aikin da kuke cika wa mutane baki da shi?"

"Shi ne, Goggo. Gajerar kaɗai, wadda bakinta biyu ke jikin akwatin."

Na koma gaban baƙin allo na saki sallama ba tsayawa. Shiru, shiru, shiru. Malam ya matso har gemunsa na taɓa kafaɗata, shi da ba ya karanta boko, yana jan carbi da sauri. Ƙarfe sha ɗaya saura minti tara layi ya fito. Wani ya biyo shi. Suka jero kamar sahun Juma'a.

Malam ya ce, "Ya amsa?"

Na ce, "Ya amsa."

Shuɗiyar waya ta faɗo ta saman labule ta sauka a kan hulata.

"Ga tsiyarka nan. Ka kashe min fitilu, sun koma gyangyaɗi."

Awa ɗaya da rabi muka zauna a zaure, kuma a awa ɗaya da rabin nan ba a ji taɓarya ko ɗaya ba a gidan da ake suna gobe. Daga baya aka ce min Goggo ce ta ɗauki kujera ta zauna a ƙofar ɗakin Malama, jariri a cinya, muciya a hannu, ta ce duk wadda ta yi tari sai ta koma gidansu ta ƙarasa. Wajen sha biyu da rabi guɗa ta tashi. Malam ya sa gefen rawani ya goge ido, ya ce hayaƙin girki ne.

Da zan tafi na roƙi Malam ya karɓo min testa. Ya shiga ya fito hannu rabbana. Ashe ta gano maɓallin kunnawa, ta ga fitilu takwas na bin juna a jere, ta ce wannan ya maye mata waɗanda na kashe. Yana cikin kabad, an shimfiɗa masa ƙyalle.

Washegari mata suka taru wurin suna daga ko'ina cikin birni, kowace kuma ta koma gida da labari: injiniya ya zauna a zaure awa uku yana zufa ya kasa, Goggo ta tashi ta gyara da yatsa biyu. Bayan sati wani mai kemis a Kusfa ya kira ni, netwok ɗinsa ya tsaya. Ina durƙushe a bayan kanta ina bin waya, ya leƙo ya ce, "Baba Sule, in ka ga abin ya fi ƙarfinka ka faɗa da wuri, maiɗakina ta san gidan Goggo."

Na ɗago zan yi musu, sai na lissafa: a ranar nan wayar da ta ɓata komai ni na bar ta tana lilo a ɗakin, kuma ba ni na cire ta ba. Na ce masa ya bari in ɗan ƙara gwadawa, in ya gagara mu aika.